Kafin Kawu Ya Buɗe Kwalbar Turare

Zuwa ga Ɗan Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sauke ka Shagari lafiya, Ya tsare motar da direbanta da tayoyinta, don na ga irin tayoyin da ake hawa a wannan zamani. Na ba mahaifiyarka wannan takarda ta sa maka a aljihun gaba, na ce ta gaya maka ka karanta ta a mota, ba bayan ka sauka ba. Hanyar gajera ce, takardar doguwa, amma na san motocin Bodinga. Kafin su gama tsayawa ɗaukar mai kaza da mai buhu ka gama, har ka sake dubawa. Ka zauna bakin taga, nesa da inda yaron mota ke ajiye jarkar fetur.

Kada ka yi mamakin ganin rubutuna alhali gida ɗaya muka kwana. Kai ne ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa maka suna ban taɓa kiran sunan nan ba, ban taɓa zaunar da kai na dube ka na yi maka doguwar magana ba. Haka muka taras ana yi, haka na yi. Abin dariya ne ma. Duk wanda ya taɓa kawo keke ko rediyo shagona na bakin tasha ya san magana ba ta kwana a bakina, amma ɗan da na haifa sai in bi ta wurin Inna, kakarka, ko ta wurin mahaifiyarka. To, takarda ba ta da ido. Bari in faɗi abin da ke raina.

Ka san yadda gurbin makarantar nan ya samu. Tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rage ɗaliban kwana, ba mu da inda za ka zauna a Shagari sai gidan kawunka Alhaji Garba, yayan mahaifiyarka. Ya karɓe ka, Allah Ya saka masa, amma ya gaya mata abu ɗaya: in ka riƙa kwanciya ciwo a gidansa zai maido ka, don ba zai iya riƙon amanar da bai gane kanta ba. In ya maido ka karatu ya ƙare, sai shago tare da ni, ga fetur ɗin da nake wanke sarƙar keke da shi, ga gam ɗin faci, duk abubuwan da jikinka ba ya shiri da su. Gidan kawunka kuwa ka san shi. Turaren wuta kowace yamma, maganin sauro na feshi, shi kansa kuma da kwalbar turare a aljihu, ba ya barin baƙo ya zauna bai shafa masa ba. Kai kuma na san ka. Za ka miƙa hannu, ka yi godiya, ka koma bayan ɗaki kanka yana sarawa, ba za ka gaya wa kowa ba. Wannan shirun nake tsoro fiye da ciwon.

Bari in ba ka labarin yadda ni na yi da ciwon naka, ka ga inda na taka ba daidai ba, kada ka taka wurin.

Ban taɓa zama a aji ba. Allo na yi, na sauke abin da ya sawwaƙa, boko kuwa a jikin gwangwanin madara na koye shi, da tsofaffin jaridun da ake naɗo mini kayan keke da su daga Sakkwato. Wanda ya koyi karatu ta wannan hanya yakan taso da fushi, don kullum gani yake masu takardar shaida raina shi suke yi. Ni dai haka na taso. Ko an gaishe ni da Turanci sai in ɗauka gwada ni ake yi.

Zamanin farar hula, lokacin da motocin siyasa ke yawo ƙauye-ƙauye da lasifika, aka zo rabon takin zamani da maganin ƙwari. Na samu gwangwani guda, na ajiye shi a zauren da kake kwanciya da rana. Kana firamare lokacin, ba ka kai kafaɗata ba. Da albasarmu ta fadama ta fara kama ƙwari na tafi da kai, kana ɗebo mini ruwa a bakin jigo ina dama maganin da kara. Ba mu yi nisa ba na ga ka tsuguna. Idanunka sun yi ja, sun kumbura, ka yi amai a kan kunya. Yaran maƙwabcinmu na gona suna wurin, su ma sun shaƙi abin da ka shaƙa, suna ta tsalle-tsallensu. Sai na yanke hukunci a take cewa lalaci ne. Na koma gida na tsaya tsakar gida, tun da ba zan iya gaya maka kai ba, na ce da Inna ta ɓata yaro da fura da goyo, ga shi ba ya iya yinin gona.

Inna tana kaɗi, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "In lalaci na, mi ya kumbura mai ido? Kai ka taɓa ganin raggon da ya iya kumbura idonai da kainai?"

Da yamma na ɗauko gwangwanin na juya bayansa. Ga shi nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe, a rufe hanci, a nisanta shi da yara, kada a ajiye inda ake kwana. Ni da nake alfaharin ba gwangwanin da ya wuce ta hannuna ban karanta ba, wannan ɗaya ban duba ba, don kyauta aka ba ni kuma ina sauri.

Abin da nake so ka riƙe a nan: za ka gamu da masu irin hankalina na wancan yini, a gidan kawunka, a aji, har cikin malamai. Za su ce ai mu ma mun shaƙa, ba abin da ya same mu. Gaskiya suke faɗa game da jikinsu. Ba su san naka ba. Kada ka sake shaƙar abin don ka nuna musu kai namiji ne, kuma kada ka tsaya gardama. Tashi ka canja wuri kawai.

Bayan abin ya maimaita, wani lokaci da warin fenti, wani lokaci ba mu ma san da me ba, na ɗauke ka zuwa babban asibiti a Sakkwato. Lokacin da sauran albarka, ana ba da magani a taga. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, wani ma'aikacin jinya ke fassara. Ya saurari ƙirjinka, aka ɗebi jini, muka koma wani mako, ya ce bai ga wata cuta a jini ko a huhu ba. Sannan ya faɗi wasu kalmomi biyu na Turanci ya rubuta su a kati. Mai fassara ya ce, wai jikin yaron yana da saurin jin muhalli, wato abin da ke kewaye da shi.

Na ce, "Wanne daga ciki? Katanga, ko akuya, ko ni?"

Mai fassarar bai isar da wannan ba, ya yi kamar yana gyara takardu. Likitan ya ƙara da cewa mu zuba ido mu gane abin da ke tayar maka da shi, mu nisanta ka da shi. Wannan ita ce maganar mai amfani, amma ni ban ji ta ba. Sunan kawai na ji. Na fito asibiti ina tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani. Ɗana ba rago ba ne, ciwonsa ma da sunan Turanci.

Na sayi wani tsohon ƙamus a kasuwa, bangonsa ya cire, na duba kalmomin. Ta farko tana nufin duk abin da ya kewaye mutum, iska da ruwa da gida da gari. Ta biyu tana nufin saurin jin abu. Na haɗa su na ga sunan ya haɗiye duniya gaba ɗaya bai nuna mini komai da yatsa ba. Sai na shiga tambayar duk mai ilimin da kekensa ya lalace. Malamin asibitin nan na Bodinga ya ce ƙanen asma ne. Malamin gona ya ce guba ce ta magungunan zamani take taruwa a jikin wasu mutane. Wani hedimasta, yana jiran in ɗaure masa birki, ya yi dariya ya ce wannan shi ne abin da likita ke rubutawa in ya duba bai ga komai ba kuma ba ya son ya ce bai sani ba. Wani ɗan bautar ƙasa da ke koyarwa a nan ya ce a littattafan da ya karanta ba ma ciwo ba ne, hali ne, akwai yaran da hayaniya da tsawa da cunkoso ke shiga jikinsu fiye da saura. Wannan na kore shi da baki, na ce a kudu ne ake haifar irin waɗannan yara.

Suna ɗaya, kowa da fassararsa. Inna kuwa ta ce sanyi ne, mahaifiyarka ta ce ko iska ce, a nemo rubutu. Na yi musu dariya na ce jahilci. Yanzu in na tuna sai in ga sanyin Inna da sunan likita kusan girmansu ɗaya, kowanne babbar riga ce da za ta shigi kowa. Bambancin kawai nawa an rubuta shi a kati.

Da wannan suna na hau gida kamar sabon ɗan doka. Tun da ban san wane abu ba ne, sai na hana duka. Na mayar da murhu bayan gida, mahaifiyarka tana girki cikin rana. Na kai akuyoyin Inna gidan maƙwabta. Kaskon turaren mahaifiyarka, wanda ta zo da shi tun aure, na jefa shi bayan katanga. Albasarmu na hana a shigo da ita, na kama rumbu a wani gida. Na hana kunna maganin sauro. Kai kuma na hana ka gona, na hana ka sussuka, na hana ka ƙwallo. Yaran unguwa suka sa maka Ƙwai, wai kada a taɓa ka ka fashe. Ina jin su daga shago ina zaginsu da iyayensu, ban gane ni na raɗa maka sunan ba.

Sai damina ta zo, shekarar da ruwa ya yi gardama gero ya tsaya a gwiwa. Zazzaɓi ya kama ka. Na ce muhalli ne, a wanke ɗaki, a fitar da tabarma. Ya ƙaru, na ce sabulun da aka wanke rigarka da shi ne, don lokacin sabulu sai an bi layi, abin da aka samu shi ake amfani da shi. Kana rawar sanyi ina neman laifin sabulu. Ranar da ka fara sambatu, mahaifiyarka ba ta nemi izinina ba. Ta saɓa ka a baya, ƙafafunka na jan ƙasa, ta wuce ta gaban shagona ba ta dube ni ba, ta kai ka asibitin gari. Zazzaɓin cizon sauro ne, irin wanda kowane yaro ke yi, na bar shi ya yi ƙarfi. Zuwa lokacin taga ta daina ba da magani, takarda ake rubuto maka ka je ka nema. Na hau keke har Sakkwato na bi kantunan magani ɗaya bayan ɗaya kafin in samu. A hanyar dawowa ban zagi kowa ba, har mai motar lodin da ya kusa ture ni.

Saboda haka ka ji da kyau. Ba duk abin da zai same ka ne wannan ciwon ba. Kai ma mutum ne kamar kowa, sauro na cizonka, ruwa mara kyau na ɓata maka ciki. In jikinka ya yi zafi, ko ciwon kai ya kwana ya yini bayan ka bar wurin warin, ka tafi asibiti, kada ka ce ai na san abina. In numfashi ya sarƙe ma kada ka jira. Gidan sauro yana ƙasan akwatinka, na ɗinke hujin da ke gefensa da kaina, ɗinkin ba kyau amma sauro ba zai wuce ba. Ka ɗaura shi tun daren farko, ko da 'yan gidan za su ce amarya ta zo.

Yanzu ga wanda ya shafi kawunka, don shi ne dalilin takardar.

Ka tuna taron sunan da aka yi a gidansa bayan ya dawo daga Makka. Da safe ne, an shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, malamai da dattawan Shagari sun cika, har da mutanen Lambara. Aka yi addu'a, aka raba goro, sai kawunka ya fito da wata 'yar kwalba da ya zo da ita, yana bin mutane ɗaya-ɗaya yana shafa musu a bayan hannu. Ka san yadda abin yake a wurinmu. Turare ba a mayar da shi. Ko maƙiyinka ya miƙo maka karɓa kake yi, balle babba, balle wanda ya zo da shi daga ƙasa mai tsarki. Ya iso kanka, ka durƙusa ka miƙa hannu biyu, ya shafa maka har da ƙari a wuyan riga, don kai ɗan ƙanwarsa ne.

Ni ina can ƙarshen tabarma. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, a gaban surukaina da malamansa, ashe zuwa Makka ba ya ƙara wa mutum hankali, an gaya masa yaro ba ya son wari ya zo yana zuba masa guba. Na kawo sunan nan na Turanci na faɗa da ƙarfi, har sau biyu, kamar zai sa su tashi tsaye.

Kawunka ya tsaya da kwalba a hannu. Ya ce a hankali, "Turare na shahwa mai, ba wuta na sa mai ba. Kuma ba wanda ya taɓa hwaɗa min." Ya rufe kwalbar ya sa aljihu, sauran mutanen ba su samu ba.

Gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya taɓa gaya masa. Na yi shekara ina wa'azin ciwonka a bakin tasha ga direbobi da masu talla, ban taɓa hawa mota na je na zauna da shi na yi masa bayani ba. Kanka ya yi ciwo ranar, ka kwanta ƙarƙashin darbejiya har azahar, da la'asar ka miƙe ka ci tuwo. Abin da bakina ya yi kuwa har yau bai gama warkewa ba. Tun daga ranar ni da shi sai gaisuwar jana'iza. Mahaifiyarka ta daɗe ba ta ce mini komai ba in ban da ga abinci.

Na ɗauke ka a keke muka tafi Sifawa wurin Malam Haliru, wanda na yi allo a hannunsa, ba don neman gyara ba, don ya ce ni ke da gaskiya. Ya saurare ni har na gama, yana gyara alƙalami. Ya tambaye ni ko turaren ya kashe yaron, na ce a'a. Ya tambaya ko maganata ta kashe zumunci. Sannan ya juya wurinka, ya ce gaskiya ne ba a mayar da turare, amma ba wanda ya ce dole sai a fatarka zai sauka. Abin da ake gudu shi ne a kunyata mai bayarwa. Ka karɓa da hannu biyu a ƙyalle ko a 'yar auduga, ka yi masa addu'a, ka ce za ka kai wa tsohuwa. Ya ce addini bai ɗora wa kowa abin da zai cutar da shi ba, kuma bai ba kowa izinin zagin surukinsa a bainar jama'a ba. Wannan ta ƙarshen ni ya duba.

A hanyar dawowa ne abin da ya fi komai amfani ya faru, kuma ba dabarata ba ce. Kana bayana a kan keke, ba na ganin fuskarka, ba ka ganin tawa. Sai na ji bakina ya iya. Na tambayi hanya, ba kai ba, na ce ko wane wari ne ya fi damun mutum. Sai da muka wuce gonakin dawa, sannan ka amsa wa bayana. Ka ce maganin feshi, da fetur, da fenti, da turare mai ƙarfi irin na kwalba, da turaren wuta in an rufe ƙofa. Na ce hayaƙin murhu fa? Ka ce ba ya yi maka komai. Albasa? Ka ce kana ma son warinta. Akuya? Na ji kana dariya a hankali.

Sai ka ƙara da wata, muryarka ƙasa-ƙasa. Ka ce, "In ana faɗa a gida ma ƙirjina yana ƙullewa."

Ba ka ce wa ke faɗan ba. A gidanmu kuwa mutum ɗaya ne ke yi. Na tuna ɗan bautar ƙasan nan da na kora, na ci gaba da taka keke.

Ka duba wannan al'amari. Na tambayi likita, na tambayi ƙamus, na tambayi duk ɗan boko mai abin wuya da ya tsaya a shagona, mutumin da ke cikin jikin kuwa yana kwana a zaurena ban tambaye shi ba, saboda kunyar ɗan fari. Kai ma ba ka faɗa ba, saboda kunyar uba. Da kunyata da taka muka kai akuyoyin Inna gudun hijira a banza. Washegari na maido su, na maido murhu, na sayo wa mahaifiyarka sabon kasko, ta karɓa ta ce bai kai na da ba. Tana kunna shi a tsakar gida in kana makaranta. Faɗa kuma ban daina ba, kada in yi maka ƙarya, amma na mayar da shi shago, inda ake biyana in yi.

Tun daga nan ka ga yadda muka zauna. Ka koma gona, sai dai ranar feshi kana gida. Ka yi sussuka, ka yi ƙwallo har ka fasa gwiwa. Ka yi tsawo ka wuce ni. Shekarun nan da kowa ke kuka, gero ya yi tsada, sabulu ya yi wuya, ni in na dubi gidana sai in gode wa Allah, don na san abin da ke damun ɗana da abin da ba ya damunsa, kuma wannan ya ishe ni. Har yau in ka tambaye ni mene ne ainihin ma'anar sunan da likitan ya rubuta, ban sani ba. Mai yiwuwa malamin asibiti da malamin gona da ɗan bautar ƙasa kowannensu ya riƙe wani gefe, mai yiwuwa hedimasta ma bai yi ƙarya duka ba. Na daina jin haushin rashin sanin.

Katin yana cikin akwatinka. In ka je gaban likita ka nuna masa, amma kada ka tsaya nan, ka gaya masa abin da ka shaƙa da abin da ka ji da tsawon lokacin da ya ɗauka, don shi ma sunan kaɗai ba zai gaya masa wanne ne naka ba. Ga sauran mutane kuwa kada ka fito da shi. In ka ce wa matar kawunka jikinka ba ya son muhalli, za ta ji kamar ka ce gidanta ne ba ka so. In ka ce mata turaren wuta a rufaffen ɗaki yana sa maka ciwon kai, za ta buɗe taga, magana ta ƙare. Ka roƙi abu kaɗan, wanda ka tabbata da shi. Kada ka ce a canja gida saboda kai, baƙo kake. In za a yi feshi ka ɗauki littafinka ka fita, ka dawo bayan iska ta shiga. Kuma kada in ji ka fake da ciwo ranar shara ko ɗiban ruwa. In ka yi haka sau ɗaya, ranar da abin gaske ya zo ba mai yarda da kai, kuma ka ja wa duk mai irin jikinka.

Mahaifiyarka ta so in riga ka zuwa Shagari in yi wa kawunka bayani. Shekaranjiya na sa babbar riga, na rufe shago, na zo har bakin mota. Ina tsaye ina shirya abin da zan faɗa, sai na ji a cikin kaina na riga na kai wurin da nake cewa ai dama tun farko. Na san in na shiga zauren nan zan fara da ban haƙuri in ƙare da gardama, in rushe maka masauki tun ba ka shimfiɗa tabarma ba. Na koma na buɗe shago. Ta ce tsoro na ji. Ban musa ba.

Saboda haka bai san komai ba sai abin da ya ji a bakina ranar suna, kuma wannan ba bayani ba ne. Kai za ka yi. Ba gobe ba, ba in kun saba ba. Yau, da ka sauka. Zai karɓe ka a zaure, zai tambayi mutanen gida, zai sa a kawo ruwa, daga nan hannunsa zai tafi aljihu, don kai baƙonsa ne kuma yana son ka. In kwalbar ta buɗu ka makara, don na san ba za ka iya janye hannu ba. Tsakanin ruwan nan da aljihun nan za ka yi magana. In da mutane a wurin ka ce kana da saƙo, ku keɓe. Ka durƙusa ka ce, Kawu, ina da lalura, turaren kwalba da maganin feshi suna kwantar da ni, ina so in zauna gidanka lafiya in yi karatu, ka taimake ni. Ka fito da farin ƙyallen da mahaifiyarka ta sa maka tare da wannan takarda, ka ce in ya ba ka a nan za ka adana wa Inna. Shi ke nan. Kada ka ƙara, kada ka kawo Turanci.

Muryarka za ta yi rawa, bari ta yi. Kawunka mutumin kirki ne, ya fi ni haƙuri nesa, abin da bai taɓa samu ba shi ne wanda zai gaya masa da ladabi. In kuma ka ga fuskarsa ta canja, ya ce yaro da zuwansa ya fara kafa sharaɗi, to kada ka ja da baya ka miƙa hannu. Ka sunkuyar da kai ka ce babanka ne ya sa ka. Zai yarda nan take, don ya san wanda ya haife ka, laifin ya hau kaina inda akwai wurinsa da ma, kai kuma ka kwana da numfashinka.

Ka gaishe shi. Ka ce ina gaishe shi da kyau, da iyalinsa, kuma in kekensa na nan yana ƙara kamar da, ya aiko mini da shi.

Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya buɗe maka ƙirji da karatu, Ya haɗa ka da abokan da za su buɗe taga ba sai ka roƙa sau biyu ba. Allah Ya sa mu ga juna a hutu kana kan ƙafafunka. Inna ta ce a gaya maka ka riƙa rufe ƙirji da safe, don ita har yanzu sanyi ne.

Wassalam.

Mahaifinka,
daga shago, bakin tashar Bodinga.